Tukunyar da Mardiya Ta Aiko

Mardiya ta aiko da tukunya daga Amurka,
tukunya mai wutsiya, a bango ake cusa ta.
Cikin kwalin har da kwalbar jan yaji.
Ta ce sunansa Kejun.
Na ce, Kejetiya? Ta ce, Mama, Kejun.
Ga kuma takarda mai hoton haƙarƙarin alade yana ƙyalli.
Na yi a'uziyya, na ninke ta huɗu,
na miƙa wa Maame Adwubi ta saman katanga.
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame,
ta ce, sa naki naman, maƙwabciya,
shi barkono ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci.

Da hantsi na shiga kasuwar Asawase.
Fuseini ya sara mini haƙarƙarin rago,
ƙashi bakwai, kitse kwance a gefe.
Ya ce sidi ɗari da ashirin.
Na ce, Fuseini, akwai mutuwa fa.
Muka rabu a ɗari, da gyaran ƙashi guda.

Na buɗe kwalbar, na yi atishawa uku.
Barkono ne, da tafarnuwa, da masoro,
da wani ganye da hancina bai gane ba.
Ɗan'uwan yajinmu ne,
ya dai daɗe a ƙasar wasu, ya manta gaisuwa.
Na tuna masa da citta, na tuna masa da kimba,
na murza wa naman har tafina ya ɗauki zafi.

Awa takwas, in ji Mardiya,
kuma don Allah, Mama, kada ki buɗe.
Ni da na shekara arba'in ina fifita wuta,
yau an ce in zauna in naɗe hannu.
Hannun ya ƙi naɗuwa.
Ya ɓare agushi, ya share tsakar gida sau biyu,
ya dawo ya dafa murfin gilashi
inda gumi ke taruwa yana gangarowa
kamar goshin mai dakan fufu.

Ana kiran azahar suka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya,
rediyon Adwubi ya haɗiye rabin waƙarsa,
jan idon tukunya ya rufe.
Awa huɗu ke nan, nama bai san inda ya dosa ba.

Na jawo kurfoti daga bayan ƙofa,
na juye komai a tsohuwar tukunyar ƙasa,
na hura gawayi, da ya kama
sai na binne garwashin da toka, na bar masa ƙofar numfashi,
yadda Inna ke wa ganda a Aboabo
ta kwana tana ɓararraka a hankali
mu muna barci da yunwar gobe.
Ashe abin da aka sa wa waya da kwali
Inna ta san shi tun da toka.

Kafin magariba ƙamshi ya tsallaka gida uku.
Na taɓa ƙashi da cokali, ya zare kansa,
ya bar naman kamar mai tuɓe takalmi.
Muka ci da shinkafa da wake, muna jan hanci,
jikana Mutaru yana kuka yana ƙari.
Adwubi ta dawo da kwanon a wanke, da lemu biyu a ciki.

Bayan isha'i unguwa ta ɗau ihu, an kawo wuta.
Jan idon nan ya buɗe a kan tebur,
yana ɗumama babu.

Sai ga waya.
Mama, ya tukunyar?
Can wajenta rana ce, ina jin ƙarar asibiti a bayanta.
Na ce, ta yi, 'yar nan, naman har yana faɗuwa.
Ban yi mata zancen toka ba.
Na ce, ke kin ci wani abu yau?
Ta ce biskit.