Ƙarƙashin Gadar Jirgi, Ardwick

Ƙarfe bakwai, Manchester ba ta ga rana ba tukuna.
Na ɗaga ƙofar ƙarfe, ta yi ƙara kamar ana yanka ta.
Garejina kogon tubali ne a ƙarƙashin gadar jirgi;
jirgi ya wuce ta kaina,
ƙura ta zubo cikin shayina.
Na daɗe da daina hurewa.

Ba ni da oga. Haka nake gaya wa mutanen gida a waya,
su ce, "Tanimu, ai ka huta."
Ba su san wanda ya rabu da oga ɗaya
goma yake samu ba:
mai gada na jiran ɗaya ga wata,
ga mai lantarki, ga mai inshora,
ga hukumar haraji da ambulan ruwan ƙasa,
ba ta sallama, ba ta mantuwa.

Ilu Gurgu na Ƙofar Ruwa, shi ya koya min:
dafa sukundireba a jikin inji,
ɗora kunne a kan ƙotar,
mota ba ta ƙarya, mai ita ke yi.
Nan kuwa sai na jona mata kwamfuta
ta rubuto min ciwonta da lambobi.
Ina karantawa. Sannan in waiga, in ga ba kowa,
in ɗora kunnena.

Gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi
yana cin ƙarfe ta ƙasa kamar gara.
Noti ɗaya ya riƙe ni tun hantsi har azahar.
Na ba shi mai, na ba shi wuta, na ba shi baki,
da ya tashi saki
sai da ya tafi da fatar yatsana.

Misis Ogden ta kawo tsohuwar Micra ta mijinta.
Shekara huɗu da rasuwarsa, hularsa na nan a kujerar baya.
Gyaran ya fi motar tsada. Na gaya mata.
Ta ce ta sani,
tana shafa boneti kamar goshin majinyaci.
Na yi walda kwana biyu,
na rubuta rasit na yini guda.
Da dare matata ta duba littafi, ta dube ni,
ta rufe shi a hankali.
Da ma faɗan ta yi.

Alhaji Maiwada kuwa, ɗan unguwarmu,
Marsandi, turare, gaisuwa har da kakannina,
"Ai mu ɗaya ne, sai ƙarshen wata."
Watan nan nasa ba shi da wutsiya.
Fam ɗari uku da arba'in.
Ran Juma'a sahu ɗaya muke, kafaɗa da kafaɗa,
bashin na tsakaninmu, shi ma yana ruku'u.

Jiya wata ta shigo ba sauti, mai cin lantarki,
ba fulogi, ba salansa, ba baƙin mai.
Na buɗe gabanta: wayam.
Na tsaya da sifana a hannu
kamar mai aski a garin masu sanƙo.
Wojtek mai taya ya leƙo yana dariya,
wai ko ta tashi sama, a kan taya za ta sauka.
Shi ya tsira. Ni na sa sunana a ajin dare,
shekara hamsin da biyu, da jakar makaranta.

'Yata Hajjo ta kama hannuna a bakin kwano,
tana bin layukan baƙi da sabulu ya gagara.
"Baba, yaushe zai fita?"
Na ce ci abincinki,
shi ne ya zama shinkafar nan.

Tawa motar tana lungun gareji, wata uku kenan,
kulocinta ya ƙone, tana jiran layi ya zo kanta.
Na kulle ƙofa, na girgiza kwaɗo sau biyu.
Ruwa na sauka siriri, ba gaggawa.
Na tsaya a bakin titi ina jiran bas,
ina jin wata Golf tana tafe daga nesa,
bel ɗinta na kuka.
Zai tsinke kafin Lahadi.
Na bi ta da ido, da kati a aljihu,
har ta sha kwana.