Kyarkecin da ke Cikin Ido

A Hatgal, inda tafki kan daskare
har babbar mota ta taka gadon bayansa,
muka sauke na'urori a ajin 'yan firamare,
muka toshe tagogi da barguna,
don wannan ciwo sai a duhu ake ganin sawunsa.

Ni ce mai riƙon littafi: suna, shekaru, lamba.
Ɗari huɗu da sha biyu, Dambadarja, makiyayi,
saba'in ba ɗaya, tafin hannu kamar kirgi.
Jikarsa Tungalag ce ta jawo shi,
shi kuwa ƙarar kyarkeci ya kawo.

"Hunturu uku ke nan garkena na zaizayewa ta gefe.
Na tsakiya suna nan, na baki-baki ke tafiya.
Na ɗana tarko, na kwana bisa sirdi,
har gaisuwa na yanke da maƙwabcina."
Yarinyar ta raɗa mini: "Kullum da yamma nakan ƙirga.
Ɗari biyu da takwas. Ko ɗan rago bai ɓata ba."

Na ɗora haɓarsa a bakin na'ura.
"Kalli ɗigon tsakiya, kaka. In ka ga ƙyalli, danna."
Ƙyalli ya zo ta gaba, ya danna.
Ya zo ta sama, shiru.
Ta hagu, shiru.
Shiru.
Ina tsaye, tumakin haske na giftawa ta gefensa
ɗaya bayan ɗaya, bai ko ɗaga sanda ba.

Takarda ta fito da ɗuminta:
da'ira, baƙi ya cinye kewayenta
kamar waina da aka manta a kasko.

Likita Sarangerel ta auna matsin ruwan idon,
talatin da huɗu.
Ta leƙa da ɗan madubi can lungun da ruwa ke zurarewa,
ta tarar da shi a tsuke.
"Gilakoma ce. Magudana ta toshe, ruwa ya rasa mafita,
sai ya danne jijiya, tana tsinkewa zare-zare,
ba zugi, ba hawaye, ba sallama."

Tsoho ya daɗe yana murza hularsa.
"Wanda ya tafi, zai dawo?"
"A'a. Amma wanda ya saura za mu yi masa shinge."

Da tsinin haske ta huda ƙofa a bakin ƙwayar,
ba ta kai kafar allura ba.
Ga kwalba, ɗigo da safe, ɗigo da dare,
a ɓoye ta cikin riga kada sanyi ya sandarar da ita.
Duk wata shida mu dawo, mu sake aunawa,
mu ɗauki hoton jijiya mu tura Ulanbato,
inda ake jera dubban idanu gefe da gefe
ko a gano kamannin kyarkecin tun yana ɗan kwikwiyo.

Da yake abin kan bi jini,
Tungalag ta zama ɗari huɗu da sha uku.
Nata sha bakwai ne, lafiya lau,
sai dai lungun ya ɗan matse. Na ja layi a ƙasan sunanta.

Da ƙanƙara ta narke ya dawo da kansa,
da ƙunshin busasshen cuku mai karya haƙori.
Ya ce ya kai wa maƙwabci rago na ban haƙuri,
sun sha shayi mai gishiri har wata ya faɗi.

Na jera takardar bara da ta bana.
Baƙin yana nan inda muka bar shi,
bai ja da baya ba, bai ƙara taku ba.
Ban taɓa yin murna haka don abu ya tsaya cik ba.

Da zai fita, sai ya juya kansa gaba ɗaya,
a hankali, kamar mai duba garke,
har ya sami ƙofar.