Guda Uku Farare

Jandira ta rantse da injin leza na farko,
mai saurin nan na bayan kasuwar Salvador:
zama shida, ƙafarta ta yi sulɓi
kamar bayan cokali.
Zafi fa? Ta ce, kamar a ja roba a sake miki.

Ni fatata ta fi tata duhu,
gadon Baba ne, masunci.
Likita Valdete ta juya hannuna a fitila,
ta ce wancan ba ya bambance fata da gashi,
zai ƙona gona garin kashe ciyawa.
Nawa mai nutsewa can ƙasa ne,
ya fi cizo, ya fi jan lokaci,
sai dai bakinsa na hura sanyi
kamar mai lallashin yaro bayan allura.

Wata tara ina hawa bene na huɗu,
ina saukowa da ƙaurin gashi a hanci.

Yau a madubi haɓata fes,
sai guda uku farare, tsaye ƙyam.
Hasken ba ya ganin fari, in ji Valdete.
Jandira ta miƙo hantsaki.
Na ce bar su.
A makon da muka binne Mama suka fito.