Daƙiƙa Shida

Ƙarfe uku na dare nake tashi.
Vancouver na zubar da ruwanta yadda ta saba,
ba tsawa, ba fushi, yayyafi mai naci
kamar mai bin tsohon bashi.

Awa huɗu nake yi a kan fuskar Leland.
In shafe masa gira, in binne hancinsa a roba,
in dasa ƙaya goma sha ɗaya daga goshi zuwa ƙeya,
in tsaga wuyansa gida uku, irin na kifi.
Ya zauna ɗan Adam mai warin kofi,
ya tashi jakadan Zerunawa,
masu shaƙar ruwa, masu ƙirga shekara da daskarewar teku.

Wata bakwai ke nan. Yau ga mu gaban talabijin,
ni da babana Zvonko,
wanda teku ya cinye wa gwiwa a Steveston.
Minti arba'in da biyu aka ba labarin, ba ƙari.

Goman farko a teburi suka ƙare.
Ƙanƙarar wani wata mai nisa, ta wa ce?
Mutane sun ce mu muka fara sauka,
Zerunawa sun ce kakanninmu na kwance a ciki.
Magana na tafiyar hawainiya,
Baba ya fara gyangyaɗi, shayinsa ya huce.
Sai tallar mota.

Da aka dawo, kamar an taka wutsiyar labarin.
Jirage sun tashi babu sallama,
wuta kore, wuta ja, gilashi na tarwatsewa,
minti goma sha ɗaya ana mutuwa
ba a tsaya an faɗi sunan ko ɗaya ba.

A tsakiyar wannan ƙura aka cusa su,
shi da matuƙiya Renske, a lungun jirgi.
Na ƙirga da yatsa.
Daƙiƙa shida.

Ni kuwa ina wurin ranar da aka ɗauka.
Sau goma sha tara aka maimaita,
zafin numfashi na narkar da gam,
ina shiga da ɗan buroshi ina ɗinke masa leɓe.
A na goma sha bakwai ta cire safar hannu,
ta ɗora tafinta kan tsagar wuyansa.
Iska na kashe shi a hankali, ta sani,
sai ita ma ta riƙe numfashinta
don su yi daidai.
Minti guda cur babu wanda ya yi tari a ɗakin.
Mai riƙe da fitila ma ya manta hannunsa ya gaji.

Wannan mintin yana ina?
Almakashi ya ci.
An sayar da shi an sayo fashewar jirgi biyu.
Sauri dai ya haifi nawa:
ta yi kuka a ƙarshe, ba wanda ya taya ta,
don ba a ba mu lokacin da za mu so shi ba.

Baba ya buɗe ido ɗaya.
Ya ce, ƙanƙarar ba ta isa kowa ba ne?
Na ce ta isa, har ta yi saura.
Ya daɗe yana kallon ruwa a jikin taga.
Ya ce, maƙwabcinmu a ƙauye
ba shi da ƙaya ko ɗaya a ka,
amma kafin shekara ta juyo
an koya mana ganinta.
Su ma can akwai mai irin aikinki.

Ban amsa ba.
Sunaye suka fara gudu a allo,
nawa ya wuce kamar an jefa tsakuwa a rijiya,
ko daƙiƙa ɗaya bai samu ba.

Na wanke kofuna biyu.
A aljihun rigar ruwana akwai guntun leɓen roba,
na ɗauka na goma sha bakwai,
har yanzu da jan-bakinta a gefe.
Na saita agogo. Ƙarfe uku.