Ƙarfe a Bakin Gishiri

Ran Juma'a, bayan asuba, kafin Jidda ta soma gumi,
nakan sauke shi daga ƙusar bango,
in saɓa shi a kafaɗa, hawa huɗu, har saman soro,
tsakanin tankin ruwa da igiyar shanyar maƙwabta.
In kife shi, sirdi da ƙaho a ƙasa, ƙafafu a sama,
kamar akuyar da za a gyara wa kofato.

Ba nawa ba ne.
Na Hambali ne, da muka raba ɗaki shekara shida a Hindawiyya.
Ranar da zai tafi Gumel ya ce, "Wata uku ne, Ilu.
Kada ka bar teku ta cinye min shi."
Na yi dariya. Ina teku, ina ɗakinmu?

Ashe tana zuwa.
Ba ta sallama. Cikin iskar dare take shigowa,
ta lashi kan noti, ta kwana a gindin sirdi,
da safe ka tarar da jan ɗigo kamar cizon kuɗin-cizo.
Tsatsa ba ta da takardar zama,
amma ban taɓa jin an kama ta ba.

Ga kayan aikina: gwangwanin wake da kananzir a ciki,
burushin haƙori da ya yi ritaya,
hannun wata jallabiya da ta riga ni gajiya.

Da kaca nake farawa.
Gaɓa ɗari da goma sha biyu, na ƙirga,
kowace da yashin bakin teku a haƙoranta.
Ina bin su ɗaya bayan ɗaya
har kananzir ya koma tawada.
In ta bushe, ɗigon mai guda a kowace gaɓa, in goge ragowar.
Hambali yakan ce, wanda ya cika wa kaca mai
shimfiɗa ya yi wa yashi.

Jikin kuwa ba a watsa masa ruwa.
Tsumma mai laima, sabulu kaɗan, sannan busasshe.
Inda koren fenti ya ɗaye nakan bi da sanfefa a hankali,
in rufe da man farce.
Ranar da na saye shi, mai shago ya daɗe yana kallon hannuna.

Sai in zare sandar sirdi, in leƙa cikin bututu,
domin ƙarfe daga ciki yake fara ciwo,
irin mutanen nan da ko me ka tambaya sai su ce lafiya lau.

In kaɗa wayoyin ƙafa da farce, in kasa kunne.
Duk suna amsawa da murya ɗaya, sai guda
wadda kullum take dushewa.
Rubu'in murɗi ya ishe ta.
In cire tsakuwa daga robar birki da allura,
in ba taya iska har babban yatsa ya kasa lotsa ta.

Daga nan mu sauka, mu nufi ruwa,
don keken da aka jingine ya fi na kan hanya saurin mutuwa.
Samari na wuce ni kamar tsuntsaye
a kan kekuna marasa nauyi da ba su san tsatsa ba.
Wani ya waiwayo: "Baffa, har yanzu ƙarfe?"
Har yanzu.
Nakan tsaya daf da teku, in bar ta ta gan shi yana ƙyalli.

Wata uku sun zama shekara huɗu.
Lambar Hambali ta daina shiga tun azumin bara.
Baƙin mai ba ya fita daga ƙarƙashin farcena;
da shi nake ɗaga hannu a sahun Juma'a.

Ya fi ni tsawo da yatsa huɗu.
Da kan yatsun ƙafa nake kamo feda,
gwiwata ta hagu na ƙorafi duk Asabar.
Amma duk sanda na shafa wa sandar sirdi giris,
nakan mayar da ita daidai
kan zanen da ya yi da wuƙa,
in ɗaure.