Hancin Akori-kura

Babana ya bar mini gona biyu da bashin taki,
da Fijo akori-kura mai launin ƙasa
wadda ta girme ni da shekara tara.
Ran Alhamis nakan ɗora mata riɗi,
mu kama hanyar Maigatari kafin assalatu,
tana tari, ina ba ta haƙuri.

Bara da kaka ta soma kuka ta baya.
Ba kukan inji ba, wannan na san muryarsa.
Wani gurnani ne can ƙarƙashin buhuna,
kamar dutsen niƙa ya gamu da tsakuwa.
Na sauka na leƙa: ƙafar hagu
ta jiƙe sharkaf da baƙin mai,
birki ya sha ya ƙoshi, ya ƙi kamawa,
saura ƙiris in hau jakin mai itace a kwanar Garki.

Sil uku na saya a wata guda.
Na farko ya kwana shida,
na biyu bai ga Juma'a ba,
na uku na rantse jabu ne,
na koma na zazzage wa mai shago rashin mutunci,
ashe bawan Allah bai ci haƙƙina ba.

Sai aka ce in je wurin Haladu,
can gindin darbejiya a bayan tasha.
Tsoho ne, ido ɗaya ya yi yana,
hannunsa baƙi har cikin zanen tafi.
Bai taɓa sil ba, bai nemi sifana ba.
Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi,
ya daɗe har na zaci barci ya kwashe shi.
Can ya ce, "Kailani, miƙo tsinken tsintsiya."

A gadon bayan aksil akwai ɗan bututu,
bai kai ƙaramin yatsa ba.
Zanzaro ya yi gini a kai,
ya yaɓe ƙofar da laka, ya tafi abinsa.
Haladu ya zura tsinke, ya murza,
sai na ji fuuu,
irin ajiyar zuciyar wanda ya sauke kaya.

Ya ce, "Ƙarfe in ya yi tafiya, zafi yake ɗauka,
iskar ciki ta kumbura tana neman hanya.
Ka toshe mata hanci, ta ina za ta fita?
Sai ta bi inda fata ta fi taushi,
ta tura mai gaba, ita tana biye."

Ya kwance noti ya tsiyaye man giya,
ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa.
"Ka ratsa fadama da damina ko?
Da zafinta ka tsoma ta, ta zuƙi ruwa ta sil."
Na yi shiru, don sau huɗu na ratsa.

Boris ya wanke cikin kwanon kananzir,
ya ɗaga shi ga rana: duk ya yi zanzana.
Sabon kuwa a tafin hannu ya ciyar da shi,
yana dangwalar giris, yana dannawa, yana juyawa,
har ya ɓullo ta ɗaya gefen.
"Kar ka hana shi, kar ka ɗura masa.
Mai ƙoshi da yawa ma zazzaɓi yake yi."

Da zan biya, ya ce in buɗe aljihun gaban mota.
Ƙullin tsinkaye na nan cikin ƙyalle,
shekara uku ina zaton na sakace ne.
"Duk Juma'a, kafin ya yi wanka,
babanka kan durƙusa ya share mata hanci.
Bai faɗa maka ba? Haka yake, ba ya faɗa."

Na tuƙo gida da yamma, baya tsit,
sai ƙarar buhun wofi a iska.
Wajen gadar Kanya na tsaya a gefe,
na ce wa yaron mota ya duba taya.
Tayar lafiyarta lau.
Ni ne nake son ya sauka.