Tsirkiya

A Jekadafari, bayan la'asar,
na zauna da biro da labarin da ya ƙi tafiya.
Shafi arba'in, kowa mutumin kirki,
zance ya kwanta kamar ruwan randa.

Sai na ɗauko Bappayo, mai ƙirga canji sau uku,
ko allura ya ara maka sai ya rubuta.
Na ba shi ƙane, Gidado,
mai hannu kamar rariya,
ya ɗinka wa unguwa kayan Salla bashi, yana dariya.

Na kulle su a shago guda:
keken ɗinki ɗaya, gadon uba,
makulli ɗaya.

Ban sa su zagi ba, ban sa su dambe ba.
Bappayo dai ya jawo aljihun tebur,
ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
ya ɗaga kai.
Gidado bai daina taka keke ba,
sai dai ƙafarsa ta ƙara sauri.

Tsirkiya ba ta kuka in gefe guda aka ɗaure.

Har aka kira magariba ban tashi ba.
Shayina ya huce
ina jiran in ji wa zai fara magana,
ni da na haife su.